Bayan An Cire Ƙarin: Nasiha Kan Kemo da Sankarar Hanji

Ɗana, idan Allah ya jarrabe ka da jinyar mai sankarar babban hanji, ko mahaifi ne, ko ɗan'uwa, ko mai ɗakinka, akwai wata rana da nake so ka yi mata shiri tun yanzu. Ita ce ranar da aka warware zare, mara lafiya ya fara shan kunu yana taka ƙafarsa, 'yan dubiya suna ta barka da arziki, sai likita ya ɗago kai ya ce, "To Alhaji, aiki ya yi kyau, alhamdulillahi. Saura maganar kemo."

Daga nan gida ke rabewa biyu. Ga masu cewa ai an cire abin, me kuma ya rage, wannan allura kashe mutum take yi, ku dubi wane da aka fara yi wa bai rufa wata uku ba. Ga kuma masu cewa a sayar da gona, a sayar da fili, a yi masa duk abin da ake yi wa mutane, kada gobe a ce mun gaza. Duk ɓangarorin biyu ƙauna ce ke sa su magana. Sai dai yawanci babu ko ɗaya a cikinsu da ya ga takardar da ya kamata a yanke shawara a kanta.

Fara da sanin dalilin da ya sa ake maganar kemo bayan an gama tiyata lafiya. Likita ya yanke gaɓar hanjin da ƙarin yake ciki, tare da kitsen da ke riƙe da ita da jijiyoyin jininta, ya haɗa baki biyu ya ɗinke. A ido komai ya fita, hoto ma bai nuna saura ba. Amma duk manomin da ya taɓa fama da ƙuduji a gonar dawa ya san tuge tsiron ba shi ne tsirar gona ba, domin irinsa kamar ƙura yake, ba mai iya tsayawa kan kunya ya rantse maka ya zuba ko bai zuba ba. Ƙwayoyin sankara ma kafin wuƙar likita ta iso, wasu 'yan kaɗan suna iya bin jini su sauka a hanta ko a huhu, su yi lamo shekara ɗaya, biyu, uku, sannan su tashi. Saboda su ake ba da kemo bayan tiyata, alhali ba wanda ya gan su, ba wanda ya tabbatar suna nan.

Yanzu ga lissafin da ba a cika zama a yi wa masu jinya ba. Ɗauki mutum 100 da cutar ta kai mataki na uku, wato ta fita daga bangon hanji ta shiga kaluluwar da ke kewaye da shi, amma ba ta kai hanta ko huhu ba. A ƙiyasin da likitoci suka saba yi, kusan 50 daga cikinsu tiyatar kaɗai ta warkar da su, ko an ba su kemo ko ba a ba su ba. Kusan 30 cutar za ta dawo musu duk da kemon. Saura kusan 20: su ne waɗanda kemo ya zame wa sanadin tsira. A mataki na biyu kuwa, inda kaluluwa ta fito tas, wajen 80 tiyata ta wadatar da su, waɗanda kemo ke cetowa ba su fi 3 zuwa 5 ba. Ka ga ke nan mafi yawan masu shan wahalar maganin ba sa cin ribarsa. Matsalar ita ce ba a rubuta wa kowa a goshi rukunin da yake ciki ba. Fiye da shekara talatin ke nan masana suna neman hanyar da za su ware waɗannan 20 ɗin, ko waɗannan 4 ɗin, daga cikin taro.

Alƙaluman nan suna da tarihi. Uban magungunan, 5-FU, Charles Heidelberger da abokan aikinsa ne suka haɗa shi a Amurka a 1957, har yau kuma shi ne ginshiƙi. A 1990 Charles Moertel na asibitin Mayo da abokan aikinsa suka nuna cewa ba da shi bayan tiyata ga 'yan mataki na uku ya rage dawowar cutar da kashi 41 cikin ɗari, mutuwa kuma da kashi 33. Abin dariya, maganin da suka haɗa shi da shi a lokacin, lebamisol, maganin tsutsar ciki ne da ake ɗura wa tumaki da shanu. Daga baya aka gano ba ya ƙara komai, aka ajiye shi. A 2004 binciken MOSAIC, wanda likitocin Faransa suka jagoranta a kan mutum 2,246, ya ƙara magani na biyu, okzalifilatin: waɗanda suka kai shekara uku ba tare da cutar ta dawo ba suka tashi daga kashi 72.9 zuwa 78.2. A 2007 kuma binciken QUASAR na Birtaniya, mai mutum 3,239, mafi yawansu 'yan mataki na biyu, ya samo ribar da ba ta wuce mutum 3 zuwa 4 cikin 100 ba. Tun daga ranar gardamar mataki na biyu ba ta mutu ba.

Saboda haka abu na farko da za ka riƙe da hannu biyu shi ne naman da aka cire. A asibitocinmu da yawa, ana fitowa daga ɗakin tiyata sai a miƙo wa ɗan'uwan mara lafiya wani bokitin roba mai murfi, naman yana ciki a tsome cikin ruwan magani mai hawa hanci, da takarda a liƙe, a ce ya kai ɗakin gwaji ya biya. A daidai wannan lokaci aljihu ya bushe, hankali yana kan wanda ke kwance bai gama farfaɗowa ba, wani dattijo kuma ya ce ai naman mutum binne shi ake yi. Ɗana, kome za a yi, kai bokitin nan inda aka ce, ka karɓi rasit, ka riƙa bibiya har sakamako ya fito. Idan naman ya salwanta, ba likitan da zai iya gaya maka matakin cutar da tabbaci, duk shawarar da za ta biyo baya kuma lalube ce.

Idan takardar ta zo, kada ka naɗe ta ka cusa a aljihu. Zauna da likita ya karanta maka. Tambaye shi ƙarin ya tsaya cikin bangon hanji ne, ko ya huda shi ya fito waje har ya manne da wani abu, wanda suke rubutawa T4. Tambaye shi kaluluwa nawa aka ƙirga, nawa ne kuma cutar ta shiga. Ƙa'idar da aka yarda da ita ita ce a duba aƙalla 12. Idan takarda ta ce an duba 4 duk lafiya lau, wannan ba albishir cikakke ba ne, domin mai yiwuwa ta biyar da ba a duba ba ita ce mai ɗauke da cutar. Haka nan idan an yi aikin ne cikin gaggawa saboda hanji ya toshe ko ya fashe, wanda ba baƙon abu ba ne a wajenmu saboda jinkirin zuwa asibiti, ko kuma an ga ƙwayoyin cutar sun kutsa cikin ƙananan jijiyoyi, to mataki na biyun nan ba irin na kwanciyar hankali ba ne, likita zai fi karkata ga ba da kemo. Wanda kuwa ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan alamomi, idan likita ya ce a bar shi a riƙa duba shi kawai, kada ka ɗauka rowar magani ake yi muku ko an raina aljihunku. Gata aka yi masa. Ɗan mataki na ɗaya kuwa ba a ma kawo masa zancen kemo.

Akwai gwaji ɗaya da nake so ka haddace sunansa: MMR, wasu kuma su ce MSI. A jikin kowace ƙwayar halitta akwai masu gyaran kuskure idan ana kwafar DNA. A kusan kashi 15 cikin ɗari na masu sankarar hanji waɗannan masu gyara sun lalace, sai ƙarin ya cika da kurakurai har garkuwar jiki ta riƙa gane shi da wuri tana yaƙarsa. Bincike na 2003 da na 2010 sun nuna cewa irin wannan ƙari, a mataki na biyu, bai cika dawowa ba, kuma 5-FU shi kaɗai ba ya amfanarsa. Ka ga mutumin da za a iya ɗora wa wahalar wata shida a banza in ba a yi gwajin ba. Abin ya shafe mu kai tsaye: binciken da likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife suka yi da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York, wanda ya fito a 2021, ya sami wannan nau'i a wajen kashi 28 cikin ɗari na ƙarin 'yan Nijeriya da aka gwada, kusan ninki biyu na abin da aka gani a Amurka. Ana yin gwajin a kan naman da aka riga aka cire, ba sai an sake taɓa mara lafiya ba, idan ma babu shi a garinku ana iya aika ɗan yankin naman da aka daskarar cikin kaki zuwa inda ake yi. Wani amfaninsa kuma, yana iya tona cutar gado da ake kira Lynch, wadda ke bayan kusan kashi 3 cikin ɗari na masu wannan sankara, kuma tana bin 'ya'ya da 'yan'uwa.

A nan sai ka natsu, domin nan ne masu talla ke ruɗa mutane. Sanin wanda cutarsa ta fi yiwuwar dawowa daban, sanin wanda magani zai hana ta dawo masa daban. An ƙirƙiro gwaje-gwaje masu tsada da yawa. Akwai masu karanta jerin ƙwayoyin gadon ƙari su ba da maki. Akwai wanda Jérôme Galon da mutanensa suka fito da shi a Faransa, mai ƙirga sojojin garkuwar jiki da suka taru a tsakiyar ƙari da gefensa, aka kuma tabbatar da ingancinsa a ƙasashe da dama a 2018. Ilimi ne na gaske, ban raina shi ba. Sai dai yawancin ƙarfinsu a tambaya ta farko yake. Gwaji ya gaya maka hatsarinka babba ne, bai gaya maka kemo zai rage shi ba, to har yanzu da sauran aiki. Idan wani ya kawo maka gwajin kuɗi masu yawa, tambaye shi abu ɗaya: idan sakamako ya fito haka ko haka, me zai canja a maganin da za a ba Baba? In ba abin da zai canja, riƙe kuɗinka, za ka buƙace su a gaba.

Wanda ya fi kusa da amsa tambaya ta biyu shi ne gwajin jini mai neman ɓurɓushin DNA ɗin ƙari. Ƙwayar sankara idan ta mutu takan zubar da ɗan guntun DNA ɗinta cikin jini. To idan an cire ƙari gaba ɗaya, bayan wata guda kuma aka ga guntun nan yana yawo, daga ina ya fito? Akwai saura ke nan a wani wuri. Likita Jeanne Tie ta birnin Melbon a Ostireliya, da haɗin gwiwar masanan Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, ta nuna a 2016 cewa 'yan mataki na biyu da ba su sha kemo ba, idan an sami ɓurɓushin a jininsu, kusan 8 cikin 10 cutar ta dawo musu. Idan ba a samu ba, kusan 1 cikin 10. Sannan ta gwada abin a aikace cikin binciken DYNAMIC, wanda ya fito a 2022. Mutum 455 aka raba gida biyu. Gida ɗaya likitoci suka yanke shawara yadda suka saba, sai kashi 28 suka sha kemo. Ɗaya gidan aka ɗebi jini a mako na 4 da na 7 bayan tiyata, wanda aka sami ɓurɓushi shi kaɗai aka ba magani, sai kashi 15 kacal suka sha. Bayan shekara biyu, waɗanda cutar ba ta dawo musu ba kashi 93.5 ne a gidan gwajin jini, 92.4 a ɗaya gidan. An rage masu shan kemo kusan rabi, ba a yi asarar kowa ba.

Labari ne mai daɗi, amma kada ya ɗauke ka. Jini mai tsabta ba takardar sallama ba ce. A cikin binciken nan kansa, masu T4 da jininsu ya fito tas sun fi sauran ganin dawowar cutar. A mataki na uku kuma, da aka gwada ƙara ƙarfin kemo ga masu ɓurɓushi a jini, sakamakon da ya fito a 2025 bai nuna ƙarin ya yi amfani ba. Ga tsada, ga shi mafi yawanmu sai an fitar da jinin waje. A ganina, wanda bai sami wannan gwaji ba bai yi rashin da zai hana shi barci ba, muddin yana da takardar nama mai kyau da gwajin MMR. Wanda ya rasa waɗannan biyun shi ne ya yi rashi.

To idan shawara ta tsaya kan a ba da kemo, saura tambayar wane iri, kuma wata nawa. Haɗi biyu ne aka fi amfani da su. FOLFOX ƙarin ruwa ne duk mako biyu, har da wata 'yar kwalba da ke ɗigar da magani cikin jijiya kusan kwana biyu. CAPOX kuwa ƙarin ruwa ne sau ɗaya duk mako uku, sai ƙwayar kafesitabin da ake sha safe da yamma kwana 14 a huta kwana 7. Ka kwantar da hankalin mata a gida: waɗannan ba su cika kwashe gashin kai gaba ɗaya ba kamar magungunan sankarar mama. Shi kuma wanen da ake ba da labarinsa, wanda bai rufa wata uku ba, ka bincika, sau da yawa za ka tarar cutarsa ta riga ta cika hanta kafin a fara, maganinsa na sassauci ne, ba irin wannan ba.

Wahalar okzalifilatin a jijiyoyin yatsu take. Mutum ya sa hannu a randa da asubar hunturu zai yi alwala, sai ya ji kamar minjirya ta kama shi. Ya kurɓi ruwan sanyi, maƙogwaro ya shaƙe. Wannan yakan wuce cikin 'yan kwanaki, a ɗumama masa ruwa kawai. Wanda ake tsoro shi ne mai taruwa a hankali: tafin ƙafa ya yi dindiris kamar ana taka auduga, takalmi ya zame ba a ji ba, ɓalla maɓallin riga ya gagara, ƙwayar carbi ta daina jiyuwa a tsakanin yatsu. Wani ya warke, wani ya zauna da shi shekaru. Tela ko makaniki ko mai ɗinkin hula, sana'arsa ce a kan layi. Wannan ne ya sa aka yi babban binciken IDEA, wanda ya haɗa mutum 12,834 daga ƙasashe 12, ya fito a 2018, don a gwada wata uku da wata shida. Lalacewar jijiya mai hana aiki ta sami kusan kashi 15 na masu wata uku, amma ta haura kashi 44 a masu wata shida. Ga wanda ƙarinsa bai kai T4 ba, kaluluwar da cutar ta shiga kuma ba ta wuce uku ba, wata uku na CAPOX ya yi daidai da wata shida. Rabin wahala, rabin kuɗi. Ka tambayi likita ko mara lafiyarku yana cikin waɗannan. Idan kuma dattijo ne da ya haura 70, bincike ya nuna ribar ƙara okzalifilatin gare shi kaɗan ce ƙwarai, ƙwayar kaɗai na iya wadatarwa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: akwai 'yan mutane kaɗan cikin ɗari da aka haifa da ƙarancin wani sinadari mai suna DPD, wanda hanta ke narkar da 5-FU da kafesitabin da shi. Ga irinsu, ma'aunin da kowa ke ɗauka guba ne. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawara a 2020 a riƙa gwada kowa kafin a fara. Gwajin da aka saba yi a can kuma an gina shi ne kan jinin Turawa, yana iya tsallake wani nau'in da ake samu a jikin 'yan asalin Afirka. Don haka ido shi ne naka. A zagayen farko, idan zawo ya ƙi tsayawa, ko baki ya ɗaye da gyambo har ruwa ya gagara sha, ko zazzaɓi ya rufe shi, a dakatar da ƙwayar nan take a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne. Kada wani ya ce maka ai alamar magani yana aiki ce.

Sai lokaci. Ana so a fara cikin mako 6 zuwa 8 bayan tiyata. Wani nazari da aka buga a 2011, wanda ya tattara bincike da dama, ya gano cewa kowane jinkirin mako huɗu yana rage damar rayuwa da kusan kashi 14 cikin ɗari na abin da take. Mu kuwa a nan ne muke cewa a bari ya ƙara ƙarfi, a bari a ci kasuwar kaka, a bari a gwada wani jiƙo da aka kawo daga ƙauye tukuna, sai wata huɗu ya shuɗe. Tun mara lafiya yana gadon asibiti ka fara haɗa kuɗin, ka sa likita ya rubuta maka kuɗin zagaye duka daga farko har ƙarshe, domin dangi su san girman abin da ke gabansu. Addu'a kuwa kada a fasa ta ko rana ɗaya, ba ta karo da komai. Amma duk abin da ake haɗiya, sassaƙe ne ko garin magani ko ƙwayar kemis, a gaya wa likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma hanta ɗaya ce za ta ɗauki nauyinsu duka.

Ko an sha kemo ko ba a sha ba, bibiya wajibi ce har shekara biyar: gwajin jini na CEA duk wata uku zuwa shida, hoton ciki da ƙirji lokaci-lokaci, da duba hanji da kyamara bayan shekara guda. Dawowar da aka kama da wuri a hanta ana iya yanke ta. Akwai kuma maganin da ba a biya: binciken CHALLENGE da aka jagoranta daga Kanada, mai mutum 889 da suka gama kemo, ya nuna a 2025 cewa waɗanda aka sa a tsarin motsa jiki na shekara uku, yawanci tafiya ce da sauri, kashi 80 sun kai shekara biyar lafiya, sauran kuwa kashi 74. Kada ku kwantar da Baba a ɗaki da sunan tattali. Ku bar shi ya taka zuwa masallaci, ya taka zuwa kasuwa.

Duk abin da na faɗa na babban hanji ne. Idan ƙarin a can ƙasa yake kusa da dubura, tsarinsa daban ne, sau da yawa ma ana fara gashi da hasken na'ura da kuma kemo kafin tiyata.

Kai kuma da kake ta ɗawainiya, kada ka manta da kanka. Wanda mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko wanda suke ciki ɗaya ya yi wannan cuta, ana so a fara duba hanjinsa tun yana shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano ta ga ɗan'uwan, duk wanda ya riga zuwa. Ka gaya wa yayyenka da ƙannenka, maza da mata. Idan kuma waninku yana ganin jini a bayan gida, ko yana ramewa ba dalili, ya daina sayen maganin basir a tasha, ya je likita ya duba shi a wannan makon.